Kai Ƙananan Yara Bakin Teku: Jagora ga Iyaye

Yaron da ya tashi a Kano ko Katsina ko Maraɗi ya san ruwan rijiya da na kogi, wataƙila an taɓa kai shi ya ga madatsar Tiga ko ta Goronyo. Teku kuwa sai dai a littafin makaranta ko a talabijin. Ranar da ya tsaya a gaban ruwan da ido ba ya ganin ƙarshensa, ya ji rurinsa, ya ɗanɗana gishirinsa, ranar ya sami ilimin da aji ba zai ba shi ba. Gani ya kori ji. Saboda haka iyayen da Allah ya hore wa hali suka yi niyyar kai 'ya'yansu hutu bakin teku sun yi tunani mai kyau.

Sai dai tekun da ya fi kusa da mu, wato ɓangaren Atlantika da ya wanke Legas da Kwatano da Lome da Akara, teku ne mai ƙarfin gaske, yana cin gwanayen iyo ma balle baƙo. Don haka duk abin da ke cikin wannan jagora ya tsaya ne a kan ƙa'ida guda: a auna tafiyar da ƙarfin ƙaramin yaron da ke cikin ayarin. Lokacin tashi, tsawon hanya, masauki, abinci, har da inda ƙafa za ta tsaya a bakin ruwa, duk shi za a duba kafin a yanke. Abin da ya dace da ɗan shekara biyu zai wadatar da yayyensa, amma abin da ya dace da ɗan shekara goma yana iya jefa ƙanensa cikin hatsari.

Lokacin da ya dace

Daminar gaɓar teku ta riga tamu sauka kuma ta fi tamu tsawo. A Legas ruwa yana kankama daga Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, sannan ya dawo a Satumba da Oktoba. A Akara ma Mayu da Yuni ne watannin ruwa mai yawa. Dogon hutun makaranta yana faɗowa ne daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, shi ya sa iyaye da yawa suke karkata gare shi. Amma a daidai wannan lokaci teku ya fi fushi: igiyar ruwa tana da girma, iska tana kaɗawa, a gaɓar Gana kuma ruwan kansa yana yin sanyi. Wanda ya je a lokacin zai yi kallo daga nesa ne kawai.

Watannin da suka fi dacewa su ne Nuwamba zuwa Maris. Sama tana washewa, ruwa yana ɗan kwantawa. Matsalar hutun Disamba biyu ce. Ta farko, makonni biyu na ƙarshen shekara Legas da Akara suna cika maƙil da masu dawowa daga Turai da Amurka, kuɗin otal da na jirgi su yi tashin gwauron zabi, bakin teku ya koma dandalin kiɗa. Ta biyu, hazon hunturu yakan jinkirta tashin jirage ko ya sa a soke su a filayen arewa. Mafita ita ce a tafi da zarar an ba da hutu a dawo kafin Kirsimeti, ko a jira kwanakin farko na Janairu kafin a koma makaranta. Idan yaran ba su shiga firamare ba, Nuwamba da Fabrairu sun fi kowane lokaci sauƙin kuɗi da kwanciyar hankali.

Kwana huɗu zuwa biyar a can sun isa. Ƙaramin yaro yana gajiya da baƙon wuri, barcinsa da cin abincinsa suna rikicewa idan aka daɗe.

Inda za a je

Ga iyalin da ke Najeriya, Legas ta fi sauƙi don ba a buƙatar fasfo ko canjin kuɗi. Sai dai a sani gaɓar Legas ta sauya sosai. Bar Beach da manya suka sani a da ta tafi, an cike wurin da yashi an gina sabon birnin Eko Atlantic. A 2024 kuma aikin babban titin Legas zuwa Kalaba ya cinye wasu wuraren shaƙatawa na bakin ruwa a yankin Oniru. Kada a dogara da labarin wanda ya je shekaru biyar da suka wuce. A tambayi wanda yake zaune a garin yanzu.

Tarkwa Bay ita ce ta fi dacewa da yara a cikin Legas, domin tana bayan ganuwar duwatsun da aka jera don kare mashigar tashar jiragen ruwa, saboda haka igiyar ruwanta ba ta kai ta sauran wurare ƙarfi ba. Ba a zuwa sai ta jirgin ruwa, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba daga Marina ko Victoria Island. Wuraren da ke bakin titin Lekki zuwa Epe kuwa suna fuskantar teku ne kai tsaye: suna da kyau don zama da wasan yashi, ba don shiga ruwa ba. A Lekki akwai kuma gandun kare namun daji da aka kafa a 1990, inda yara za su ga birai da manyan kunkuru, akwai kuma gadar igiya mai tsawon mita 401 a saman itatuwa wadda ta manya ce da yaran da suka tasa. Badagiri, kusa da iyakar Seme, garin tarihi ne: akwai benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, da gidajen ajiye kayan tarihin cinikin bayi, da tsibirin Gberefu inda a da ake loda bayi a jirgi.

Wanda ya iya ƙetare iyaka, Gana tana da daɗin zuwa ga Bahaushe. A Nima da Mamobi da Sabon Zango a Akara za ka yi ciniki da Hausa, ka sami koko da ƙosai da safe, ka sami tuwo da dare, masallatai kuma ko'ina, ga babban masallacin ƙasa a unguwar Kanda da aka buɗe a 2021. Labadi ita ce bakin tekun da ya fi suna a Akara, amma tana cika a ƙarshen mako. Ada Foah, inda kogin Volta ya shiga teku, wuri ne mai natsuwa. Ta yamma kuma, tafiyar kimanin awa uku daga Akara, akwai Cape Coast da Elmina, garuruwan masunta masu manyan ganuwoyin Turawa. Ta Elmina mutanen Fotugal ne suka gina ta a 1482.

Iyalan Nijar sun saba bin hanyar Gaya da Malanbil zuwa Kwatano, amma tun bayan sauyin gwamnati na Yulin 2023 wannan iyaka ta shiga taƙaddama, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka a tabbatar da halin da hanya da takardu suke ciki kafin a biya kuɗin mota. 'Yan'uwanmu na arewacin Kamaru suna da jirgin ƙasa daga Ngaundare zuwa Yawunde, daga nan su nufi Kiribi, inda kogin Lobe yake gangarowa daga kan duwatsu ya zuba cikin teku.

Ko ina aka zaɓa, a tsaya a wuri ɗaya. Haɗa garuruwa uku a mako guda yawon manya ne. Ga yaro wahala ce.

Takardu da kuɗi

Idan za a fita ƙasa, kowane yaro yana buƙatar fasfonsa, har jariri, kuma a Najeriya ba a yin fasfo sai da lambar NIN. A fara wannan aiki wata biyu ko uku kafin tafiya. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza zuwa Benin ko Togo ko Gana, yana iya zama har kwana 90. Abin da ake mantawa shi ne katin allurar rigakafin cutar shawara. Ana neman sa ga duk wanda ya kai wata 9, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Wanda aka yi wa sau ɗaya ya gama har ƙarshen rayuwarsa. A riƙe takardar haihuwar kowane yaro. Idan uwa ce kaɗai ko uba kaɗai zai yi tafiya da yaran, a rubuto takardar amincewar ɗayan da sa hannunsa, domin jami'an kan iyaka suna tsananta bincike saboda safarar yara. A ɗauki hoton duk takardun a ajiye a waya, a bar kwafi a gida.

Kasafin kuɗi a raba shi gida biyar: sufuri, masauki, abinci, kuɗin shiga wurare, da na ko-ta-kwana. Na huɗun shi ne yake ba mutane mamaki. Yawancin wuraren shaƙatawa na bakin tekun Legas na 'yan kasuwa ne: a biya kuɗin shiga kan kowane mutum, a biya na ajiye mota, a biya na rumfa da kujera, wasu ma sai an biya kafin a shiga da abincin da aka dafo. A tambayi duk wannan ta waya tun kafin a fito. Na ko-ta-kwana kuwa kada ya gaza kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin tafiyar, kuma kada a taɓa shi don sayen tsaraba. Kuɗin asibiti ne da na ƙarin kwana idan jirgi ya ƙi tashi. A Gana sidi ake kashewa, a Benin da Togo sefa. A canji kaɗan tun daga gida don motar haya da abincin ranar farko.

Hanya

Daga Kano zuwa Legas kimanin kilomita 1,000 ne. A jirgin sama awa ɗaya da rabi ne, a mota kuwa yini ne cur har da ɗoriya. Wanda yake da halin jirgi ya hau jirgi, ya zaɓi na safe domin shi ya fi tashi a kan lokaci. Yaron da bai kai shekara biyu ba ana riƙe shi a cinya da ɗan kuɗi kaɗan. Lokacin tashi da sauka a ba jariri nono, babba kuma a ba shi ruwa ya riƙa kurɓa, haɗiyar tana rage masa ciwon kunne.

Idan mota ce, a raba tafiyar kwana biyu, a kwana a hanya, kada a yi tafiyar dare. A tsaya duk bayan awa biyu yara su miƙe ƙafa su yi fitsari. Yara a kujerar baya suke zama da ɗamara, ƙarami kuma a kujerarsa ta yara. Riƙe jariri a cinya a gaban mota ganganci ne. Yaron da mota take sa wa amai kada a cika masa ciki da maiƙo kafin tashi, kada a ba shi waya ya riƙa kallo, a zaunar da shi inda zai ga hanya ya sha iska. Wanda ya iso Ibadan yana iya ƙarasawa a jirgin ƙasan da aka buɗe a 2021 zuwa Ebute Metta. Yara suna jin daɗinsa ƙwarai. Daga Legas zuwa Akara ta ƙasa akwai iyakoki uku, Seme da Hilakonji da Aflawo, kowace da layinta da jiranta. Da ƙananan yara jirgin sama na kimanin awa ɗaya ya fi. A tuna agogon Gana da Togo yana bayan na Najeriya da awa ɗaya.

Masauki

Da yawa daga cikinmu muna da dangi a Agege ko Idi-Araba ko Obalende, kuma sauka wurin dangi zumunci ne da ragin kuɗi. Amma daga Agege zuwa Lekki cunkoson motoci yana iya cinye safiya gaba ɗaya, a isa rana ta take, yara sun galabaita. Dabara ita ce a ba dangi kwanansu, sannan a kama masauki kusa da ruwa na kwana biyu.

Gidan haya na kwanaki mai kicin ya fi ɗakin otal dacewa da mai yara, don uwargida za ta dama kunu ta dafa abin da suka saba ci. Kafin a biya a tambayi abu biyar: akwai wuta cikin dare, akwai raga a tagogi, akwai mashaya ko gidan rawa a harabar, wane asibiti ne mafi kusa, kuma akwai wurin iyo? Idan akwai wurin iyo marar shinge, a nemi ɗakin da ya yi nisa da shi, a riƙa kulle ƙofa da sakata ta sama. Yaro mai rarrafe yana iya faɗawa kwamin otal alhali iyaye suna ganin ai an baro teku. A fi son ɗakin ƙasa. Idan bene ne a duba tazarar ƙarafan baranda.

Kayan da za a ɗauka

Kada a cika jaka da kayan ado. Kowane yaro yana buƙatar riguna marasa nauyi na auduga, hula mai faɗin baki, da takalmin roba mai maɗauri, domin yashi yana ƙona tafin ƙafa da rana kuma akwai fasassun kwalabe a cikinsa. Kayan wasan ruwa su kasance masu launi mai haske, ja ko ruwan lemo ko ɗorawa, waɗanda ido zai hango daga nesa; shuɗi da fari suna ɓacewa a cikin ruwa da kumfa. A ɗauki tabarma, laima babba, tawul, buta, ledar zuba jiƙaƙƙun kaya, ƙaramin bokiti da cokulan roba na wasan yashi, da gidan sauro.

Jakar magani kuma ta ƙunshi farasitamol na yara, ma'aunin zafin jiki, ƙunshin gishirin ORS da ƙwayar zinc, filasta, auduga, maganin wanke ciwo, man korar sauro, da man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama. Yaron da yake da asma ko sikila ko farfaɗiya a kai shi wurin likitansa kafin tafiya, a ɗauki maganinsa da rara. Mai sikila musamman a kiyaye shi daga ruwan sanyi da ƙishirwa, domin su biyun suna tayar da ciwon.

Sanin halin teku

Nan ne zuciyar al'amarin, kuma nan ne ya kamata maigida da uwargida su karanta tare.

Wanda ya iya iyo a kogi ko tafki bai iya teku ba. Kogi yana tafiya gefe guda, ka san inda ya nufa. Teku yana zuwa yana komawa, kuma a gaɓarmu yashin yana gangarawa da sauri, taku uku ko huɗu ƙasa ta ɓace. Igiyar ruwa tana fashewa a kan gaɓa da nauyi, idan za ta koma sai ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafa. Ruwan da ya tsaya wa babba a gwiwa ya kai wa ɗan shekara uku ƙirji, kuma komawarsa ta isa ta kayar da shi ta ja shi. Igiyoyin ba girmansu ɗaya ba: bayan ƙanana da yawa sai babba ta zo ta wuce inda sauran suka tsaya. Shi ya sa ba a juya wa teku baya, ko da don ɗaukar hoto ne.

Babban mai kisa shi ne zirin ruwan da yake komawa cikin teku da gudu. Ruwan da igiyoyi suka tara a bakin gaɓa yana neman hanyar fita, sai ya sami wata ƙofa tsakanin tudun yashi ya bi ta da ƙarfin da ya fi na mai iyo. Abin tsoro shi ne wurin yana kama da mafi aminci: ga igiyoyi suna fashewa da farin kumfa dama da hagu, tsakiya kuma ruwa ya yi duhu ya kwanta lif. Baƙo sai ya ce ga inda ya dace da yara. Wannan wuri shi ne abin gudu. Alamarsa duhun ruwa, da kumfa ko shara ko ciyawa da ake gani suna tafiya cikin teku. Yakan kasance kuma a gefen duwatsu da ganuwoyi. Babban da ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da ruwan yana neman dawowa kai tsaye, gajiya ce take kashewa. Ya kwanta rigingine ya bar ruwa ya ɗauke shi, ya ɗaga hannu ya yi kira, idan ya iya iyo ya bi gefe daidai da tsawon gaɓa har ya fita daga zirin.

Teku kuma yana cika yana janyewa sau biyu a yini, tsakanin cika da janyewa kimanin awa shida, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Cikar ta fi yawa a kwanakin tsayuwar wata da na tsakiyarsa, wato wajen goma sha huɗu ga wata. A shimfiɗa tabarma a saman layin da yashi ya bushe, bayan inda ruwa ya tara shara, a riƙa duba ko ruwa yana matsowa.

Da isa, kafin kowa ya cire takalmi, a nemi masu aikin ceto ko masunta a yi musu sallama a tambaye su inda yake da hatsari a ranar. Jar tuta tana nufin kada a shiga. Inda babu mai ceto, a ɗauka tutar ja ce. Hukuncin da nake ba iyaye shi ne wannan: a gaɓar da ke fuskantar teku kai tsaye, yaron da bai kai shekara bakwai ba ruwa kada ya wuce masa idon sawu, kuma hannunsa yana cikin hannun babba. Wannan ya ishe shi murna. Ihu zai yi ta yi duk lokacin da kumfa ya taɓa ƙafarsa.

Tsaro aikin mutum ɗaya ne a lokaci ɗaya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa yara 'yan shekara 1 zuwa 4 suna cikin waɗanda nutsewa ta fi kashewa. Yaro mai nutsewa ba ya ihu, ba ya fantsama ruwa. Bakinsa yana ƙasa da ruwa, cikin ƙasa da minti ɗaya ya ɓace. Kuma sau da yawa abin yana faruwa ne a cikin taro, inda kowa yake zaton wani yana kallo.

Saboda haka a naɗa mai tsaro da baki, a faɗi sunansa. “Abban Khadija, yanzu kai ne da su, ni zan shayar da ƙaramin.” Shi kuma ya amsa. Mai tsaro ba ya taɓa waya, ba ya hira, ba ya cin abinci, yana tsaye inda hannunsa zai kai ga yaron. Bayan minti 20 ko 30 a canza. Kada a ɗora wannan nauyi a kan yaya 'yar shekara goma. Ita ma yarinya ce mai son wasa. Idan yara ƙanana sun fi manya yawa, a riƙa kai su bakin ruwa ɗaya bayan ɗaya.

Robobin hurawa da tayoyin wasa ba kariya ba ne, iska tana tura su cikin teku da yaron a kai. Rigar kariya ta gaske mai maɗauri ita ce abin dogaro, kuma a jirgin ruwa kowa ya sa tasa daidai jikinsa. Idan mai jirgi ba shi da ta yara, ko ya yi lodi fiye da kima, ko magariba ta gabato, a fasa. Uwargida ta lura da suturarta: dogon hijabi da zani idan suka jiƙe suna nauyi suna naɗe ƙafa. Wando da riga mai dogon hannu marasa nauyi da ƙaramin hijabi suna rufe jiki kuma suna barin mutum ya yi gudu idan ta kama.

A hana yara haƙa rami mai zurfi ko binne juna a yashi, domin yana ruftawa. A nisanta su daga igiyar masunta lokacin jan koma. A rubuta lambar waya a takarda a sa a aljihun kowane yaro, a nuna musu wata alama babba da za su tsaya idan sun ɓata. Lambar gaggawa a Najeriya da Gana 112 ce, a Legas kuma akwai 767.

Idan aka ciro yaro ba ya numfashi, kada a ɗaga shi ƙafa sama ko a danna cikinsa don fitar da ruwa. Ɓata lokaci ne. A kwantar da shi, a ɗan ɗaga haɓarsa, a hura masa iska baki da baki, a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura sau 2, a ci gaba har taimako ya zo. Wanda ya farfaɗo ko yake tari da numfashi sama-sama a kai shi asibiti ko da ya ce ya warke. Ya kamata ɗaya daga cikin iyaye ya koyi wannan a aikace wurin ma'aikatan lafiya ko ƙungiyar Red Cross kafin tafiya.

Tsarin yini, rana da abinci

A fita da sassafe a ranar aiki, a isa wajen ƙarfe 8, a tashi kafin 11. A wannan lokaci rana ba ta yi zafi ba, wurin babu cunkoso, masu shaye-shaye da kiɗa ba su fito ba. A koma masauki a yi wanka da ruwan daɗi, a ci abinci, a yi azahar, yara su yi barci. Bayan la'asar a sake fita idan akwai ƙarfi, a dawo kafin duhu.

Iskar teku tana ɓoye zafin rana, ruwa da yashi kuma suna mayar da haskenta. Baƙar fata ma tana ƙonewa. A shafa man kariya kafin fita, a maimaita bayan awa biyu da bayan an jiƙe. Jaririn da bai kai wata 6 ba a inuwa yake zama. Yaro zabiya yana buƙatar dogon hannu da hula da tabarau koyaushe. Zafin kudu mai gumi ne, yana kawo ƙurajen zafi a wuya da hammata, maganinsu wanka da sutura mara nauyi. A riƙa ba yara ruwa ko ba su nema ba.

A sha ruwan gora mai hatimi. Abinci a ci mai zafi wanda aka dafa a gabanka, 'ya'yan itace kuma wanda za ka ɓare da hannunka. Yaranmu da yawa ba su taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba, kuma jikin wasu ba ya karɓar su. A fara da ɗan kaɗan da rana; idan aka ga kumburin leɓe ko ƙuraje ko wahalar numfashi, asibiti nan take. Kifi a cire masa ƙaya da kyau. Idan gudawa ta kama yaro a fara ORS tun daga zawo na farko. In babu, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a ci gaba da shayarwa. Sauron kudu ba shi da rani, don haka a kwana cikin gidan sauro, zazzaɓi kuma a yi gwaji a ranar.

Akwai wata halitta mai santsi kamar leda, wani lokaci shuɗiya, da ruwa yake jefowa gaɓa. Tana harbi ko ta mutu, a hana yara taɓa ta. Idan ta taɓa fata a wanke da ruwan teku, kada a murza, kada a zuba ruwan daɗi. A guji wasa a bakin magudanan da ke zuba cikin teku, musamman bayan ruwan sama, a kuma guji wanka a kogi da tafkin Volta saboda tsargiya.

Salla da ilimi

Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi. A gaɓar Legas da Akara teku yana kudu, don haka mai salla zai sa shi a hannun dama ya fuskanci gabas ya ɗan karkata arewa. Matafiyi yana ƙasaru a hanya, amma a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri zai cika salla. Abu mafi muhimmanci: uwa da uba kada su tayar da salla lokaci ɗaya yara suna kusa da ruwa. Ɗaya ya yi, ɗaya ya tsare.

Kada tafiyar ta ƙare a hotuna. A kai yara su ga masunta suna sauke kifi da safe, a nemi izini kafin a ɗauki hoton kowa. A yawancin garuruwan gaɓar Gana masunta ba sa fita ranar Talata. A bar su su tsinci ɓawon kifi, su ɗanɗana ruwan, su ƙirga jiragen dakon kaya da ke jiran shiga tasha, a gaya musu ta teku kayan kasuwannin Kwari da Singa na Kano da yawa suke shigowa. Kurkukun bayi na Elmina da Cape Coast suna da duhu da zafi da nauyi a zuciya. Ƙanana su tsaya a farfajiya da babba ɗaya, waɗanda suka tasa su shiga, a kuma faɗa musu cewa da yawa daga waɗanda aka tsare a nan daga arewa aka gangaro da su, ta kasuwanni irin su Salaga da fatakenmu na goro suka sani. Kafin a tashi kowa ya kwashe shararsa.

Iyaye, ku shirya takardu da wuri, ku zaɓi rani, ku tsaya wuri ɗaya, ku fita da safe, ku naɗa mai tsaro, kada ku bar ƙaramin yaro ya wuce idon sawu a ruwa. Ranar da kuka ga teku ya yi fushi ku haƙura da shi ku yi wasan yashi. 'Ya'ya amana ne a hannunmu, kuma hutun da ya yi kyau shi ne wanda aka dawo gida da kowa lafiya. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.